Injin da Baba Ya Hana Aro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa ranar da aka kawo mini labari, ina kuma sake faɗa a nan, don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ce da hukuncin Allah nake jayayya. Ban isa ba. Da mutane nake fushi, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya rasu bayan kaka, lokacin dashen albasa. Reshen dogon yaro ne ya faɗo masa a garkar surukina, wato mahaifin mijina, a bakin magudanar ruwan noman rani. Mutumin da ya tsufa yana sare itatuwa da inji tun zamanin da ake gina madatsar ruwa ta Goronyo, bai taɓa rasa ko farce ba, shi ne aka kawo gida a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da zanen wata mata mai kai abinci gona.

Na zauna kusa da Inna a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, ina cizon leɓe. Maƙwabciyarmu ta shigo ta riƙe hannun Inna ta ce, "Allah shi jiƙan Malam. Mutum na mai sakin hannu, abin shi ba nashi na ba." Wannan matar, da kunnena na sha jin ta ta kan katanga tana kiransa marowacin inji. Wata kuma ta ce, "Ai dama mun hwaɗi, injin ga wata rana sai ya ci shi." Gwaggo, yayar Baba, wadda kowa ke zaton kunnenta ya mutu, ta ɗago kai ta ce, "Ke, inji bai taɓa shi ba. Inji ko tashi bai yi ba rannan." Sai aka koma hirar tsadar taki.

A waje wurin maza, ƙanena ya ce magana ɗaya suke ta juyawa, wai kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma waɗanda suka fi kowa saurin faɗin haka su ne waɗanda ke tsaye a garkar ranar. Kuma tun ba a naɗe tabarmi ba wani ya matsa kusa da ƙanena, ya rage murya ya ce, "To, injin hwa, hannun wa shika komawa?" Wannan tambayar ce dalilin rubutun nan. Injin na gidanmu ne, gidan da nake aure yana son sa, ƙanena shi kaɗai ne namiji a wajen Inna, ni kuwa ina tsakiya.

Abin da ya fara karya mini zuciya itacen kabari ne. Duk wanda ya mutu a garinmu, Baba ke yanka itatuwan da ake jerawa a kabari kafin a zuba ƙasa. Ba a aika masa. Yana jin an yi rasuwa, kafin a gama wa mamaci wanka ya yanka su daidai da juna ya kai maƙabarta a amalanken jaki. Ranar tasa da gatari aka sassaro su, wani dogo wani gajere, domin injinsa yana can maƙale a gindin dogon yaro.

Baba ɗan manomi ne, gero da dawa da wake ya tashi ya tarar. Da aka fara aikin madatsa ana neman masu share daji, ya saɓa gatarinsa ya tafi Goronyo, a can aka ɗora masa inji a hannu. Su uku suka koya tare. Ɗaya mutumin Gandi ne, wanda har yau muke kira Baban Gandi. Na ukun kuwa Baba bai taɓa faɗa mana sunansa ba. Ya ce saurayi ne mai ƙarfi da gaggawa, ya ɗaga inji sama da kafaɗarsa zai yanke reshe, hancin injin ya taɓa itace, ya yi shuri ya dawo masa a fuska. Baba ne ya riƙe masa kai har aka kawo mota. Iyakar abin da yake faɗa ke nan, daga nan sai ya tashi ya yi alwala ko da lokacin salla bai yi ba.

Kowace safiya yana zaure da magagari yana wasa haƙoran sarƙar injin, haƙori bayan haƙori. Wanda ya shigo gaishe shi ya shiga uku, sai ya sha karatu. Ni mace ce, ban taɓa tayar da inji ba, amma ta ƙofar zauren nan na haddace komai. Sarƙa mai dakushi ta fi mai kaifi haɗari, in ji shi, domin ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ƙafarsa ta zame. In ya ga inji yana zubar da gari maimakon manyan ɓarɓashi, ko ana tsakiyar aiki sai ya kashe ya zauna ya wasa. A ƙasa yake ajiye shi ya taka da ƙafa kafin ya ja igiyar tayarwa, kuma in ya ga samarin da ke riƙe inji a iska suna fizgar igiya don burge 'yan kallo, har tofar da yawu yake yi. Ko gungumen da ke kwance a ƙasa ba ya faɗa masa haka nan. Sai ya tsuguna ya duba ta inda nauyinsa ke dannawa, ya san ko ta sama zai fara ko ta ƙasa, don kada yankan ya rufe ya matse sarƙa.

Shigarsa ta aiki abin dariya ce ga yara. Hular kwano da ya samu tun zamanin madatsa, fentinta duk ya koɗe, da tabarau, da auduga a kunne, da takalmi mai ƙarfe a baki ko da ƙasa na ƙuna. Sojan icce suke ce masa, shi kuwa ya sara musu. Amma wanda ya zo kusa da shi da silifas ko riga mai lilo, babu dariya. Ranar da ya je sassabe tsamiyar masallaci, liman ya tsaya a ƙarƙashi da babbar riga da rawani yana nuna masa reshen da zai fara. Baba ya kashe inji ya ce, "Allah gahwarta Malam, cikin masallaci kai ag gaba. Nan kau ni na. Ka ja da baya har sai ka ga na yi ƙarami." Liman ya yi dariya ya ja da baya, jama'a ma suka bi shi.

In zai kayar da itace a tsaye, sai ya zagaye shi yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. Busasshen reshe yake nema, da gefen da itacen ya karkata. Ya watsa ƙasa ya ga inda iska ta nufa. Ya share wa kansa hanyar gudu ta baya, ko kara ɗaya ba ya bari a kanta. Sannan ya buɗe wa itacen baki a gefen da yake so ya faɗi, ya koma ta baya ya yanka ɗan sama da bakin, ya bar wani siriri a tsakiya bai yanke ba. Jijiya yake kiran wannan siririn, ita ke riƙe itacen ta kwantar da shi inda aka nufa. Wejinsa na icen marke yana aljihu, ya buga a yankan baya don kada itacen ya zauna wa inji a kai. Amma kafin duk wannan akwai tambaya ɗaya da ba ya tsallakewa, ko gonar wa ya shiga: "Wani ya taɓa iccen ga kahin ni?" Babu abin da yake tsoro a duniya kamar itacen da wani ya fara yanka ya bari.

Yanzu maganar rowa. A wajenmu aro ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Galma, jaki, tsani, injin ban-ruwa, tukunyar biki, duk yawo suke gida-gida, wanda ya hana kuwa ya fita daga cikin mutane. Baba ya ba da aron komai nasa, har amalanke da jakin tare. Inji kaɗai ya hana. Da noman rani ya bunƙasa ta wajen Wurno kowa ya tashi share fadama, zaurenmu bai rabu da masu aro ba, amsarsa kuma ɗaya ce: "Inda injin ga za shi, ƙahwata na tare da shi. Ku jira ni." Ya san in ba ya nan za a lallaɓa Inna, saboda haka kullum in ya dawo sai ya cire sarƙar, ya jiƙa ta da baƙin mai a cikin gwangwanin madara, ya tura ƙarƙashin gadonta.

Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo aro ya sha wannan amsar. Ina jin su daga tsakar gida. Baffa ya ce, "Yaya, ni za ka hana ma ƙarhe? Ciki guda munka hito!" Baba ya ce, "Don ciki guda na nih hana. In ya cire ma ƙahwa, mi zan ce ma ɗiyanka?" Damina guda Baffa bai gaishe shi ba. Baba ya je da kansa ya share masa fadamar, duk da haka sai da Gwaggo ta shiga tsakani. Ranar makoki Baffa ya fi kowa kuka. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ni yah hana, ya ba wani. Da ma ya hana kowa."

Ga yadda aka yi ya bayar. Surukina dattijo ne mai daraja, ɗan gidan malamai, kuma a gidansa nake zaune ni da mijina da 'ya'yana. Dogayen yaro uku da ke bakin garkarsa suna yi wa albasa inuwa, yana so a kawar da su kafin dashe. Baba yana kwance da zazzaɓi. Maimakon ya yi aike, surukina ya tako da kansa har zaurenmu da ƙullin goro, abin da bai taɓa yi ba tun ɗaurin aurena. Inna tana bayan ƙofa, ita ta ba ni labarin daga baya.

Baba ya ce, "Alhaji, ka bari in ji sauƙi. Ni da kaina za ni zuwa."

Surukina ya ce, "Iri ya isa dashe, Malam, ba shi jira. Yaran aikina sun san shi, sun taɓa riƙe irin shi. Ko ba ka yarda da gidan da ɗiyarka take ba?"

Inna ta ce Baba ya daɗe kansa yana ƙasa. Mutumin da ya kori liman daga ƙarƙashin tsamiya, wanda ya hana ɗan'uwansa na jini, ya kasa kallon suruki ya ce a'a. Ya aika a ɗauko gwangwani. Ya haɗa musu da hular kwano da weji, ya yi musu bayani har muryarsa ta dishe, ya kuma sa surukina ya yi alkawarin ba wanda zai hau tsani da inji. Ina fushi da shi kan wannan, Allah ya sani. Ina son sa, ina yi masa addu'a, kuma ina fushi da shi. Da ya tambaye ni, da na ce masa aurena bai kai ransa ba.

Hula da weji a zauren surukina suka kwana. 'Yan ƙwadagon suka kama gindin itacen farko ta gefe ɗaya, babu baki babu jijiya, suka yi ta yanka har itacen ya zauna wa inji a kai ya matse shi. Suka ja, suka ja, ya ƙi fita, suka bar shi haka. Itace mai wannan girma, an ci fiye da rabin gindinsa, yana tsaye a kan hanyar da mata ke bi su kai abinci gona. Da safe aka gaya wa Baba. Inna ta riƙe masa riga, ya ce, "Mata na bi ta wurin da goyo." Ya ɗauki igiya da gatari da wani weji ya fita jikinsa na rawa.

Abin da ya faru a garkar, ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon ne ya faɗa, wani magidanci mutumin Tursa. Ya zo gaisuwa, ya ja ƙanena gefe yana kuka. Ya ce Baba ya fara korar kowa nesa, ya sa aka tare hanya ta gefe biyu. Ya zagaye itacen yana kallon sama, amma ganye ya yi duhu, idonsa kuma zazzaɓi ya cinye shi. Sai ya yi tambayarsa: "Ban da gindi, wani ya taɓa iccen ga bisa?" Alhali kuwa jiyan, kafin su koma gindi, surukina ya sa an kafa tsani an fara yanke babban reshen da ya rufe garka, da sarƙa ta fara matsewa suka sauko suka bar shi. Surukina ya kawar da kai ya ce, "Ba komi, Malam." Mutumin Tursa ya ce, "Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Amma Alhaji na tsaye. Ƙaƙa zan ƙaryata dattijo gaban surukinai?"

Baba ya sa weji ya ɗaga gatari. Bugu na farko itacen ya girgiza, reshen ya saki.

Kunya ta karɓi injin daga hannunsa, kunya kuma ta rufe bakin mutanen da kalma ɗaya tasu ta isa ta matsar da shi. Sannan a zo a zauna a tabarmarmu ana cin tuwon sadaka ana cewa inji ya ci shi. Ni wannan ne ba zan haɗiye ba.

Baban Gandi ne ya zo da nasa injin da igiyoyi ya kwantar da itacen, ya ciro na Baba ya kawo gida. Ya cire sarƙar da hannunsa ya miƙa wa Inna. Ya kalli ƙanena ya ce, "Ubanka gungume kaɗai yab bar ka kana yankawa, na sani. Icce tsaye ba ka kai ba tukuna. Ka taho wurina in ƙarasa ma abin da yaf fara."

Bayan sadakar bakwai surukina ya aiki mijina wurin ƙanena. Wai saura itace biyu, iri yana tsufa, ko dai ƙanena ya zo ya kayar da su ko ya ba da inji, ai yanzu yara sun ga kuskurensu. Mijina ya isar da saƙon yana kallon ƙasa. Ƙanena ya same ni a ɗakin Inna, fuskarsa duk ta faɗa, ya ce, "Yaya, mi zan ce? Surukinki na. Baba ma bai iya ce mai a'a ba." Inna tana kan tabarmar takaba. Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin madara, ta tura shi gabana.

Tun da aka kai ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da surukina ba. In na ji takunsa durƙusawa nake yi. Ranar, bayan la'asar, na same shi a zaurensa na durƙusa kamar kullum, gwangwani a cikin mayafina. Na ce, "Baba, saƙonka ya isa. Ƙanena ba shi zuwa, inji kuma ba shi hita. Sarƙa tai na hannuna."

Ya ce, "Ɗiyata, baƙin ciki na ka magana. Abin da yaf faru, kwana na yaƙ ƙare."

Na ce, "Na yarda, Baba. Amma ubana ya yi tambaya kahin shi buga. An amsa mai."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ke ɗiyar gidan ga ta, ko ta can?"

Na ce, "Ta nan ta, in an bar ni. Amma Inna ɗa guda gare ta."

Bai kore ni ba. Na tashi na fita. Uwar mijina ta daina aiko mini da tuwo, matan gidan suna yin shiru in na shigo madafa, surukina kuwa har yau da kai yake amsa gaisuwata. Mijina bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Washegari dai ya tayar da babur ya ɗauki ƙanena ya kai shi Gandi, da hular kwanon Baba ɗaure a baya. Dogayen yaro biyun suna nan tsaye, albasar da ke ƙarƙashinsu ta fito sirara, kuma duk gari ya san laifin wa ake cewa ne.

Sarƙar tana ƙarƙashin gadona a cikin baƙin mai. Ranar da Baban Gandi ya ce ƙanena ya kai, zan miƙa masa ita da hannuna, in ji ya yi tambayar ubansa da ƙarfi kafin ya taɓa kowane itace.

Jiya na je duba Inna, sai na ji maƙwabciyar nan ta kan katanga tana gaya wa wata, "Ai ɗiyar ta gado shi sak. Marowaciya ɗiyar marowaci." Na tsaya da buta a hannu, hawaye suka zubo mini. Tun da Baba ya rasu mutane ke shigowa suna yi mini ta'aziyya, wannan ce ta farko da ta shiga zuciyata.

Ya Allah, bawanka ya rufa wa mamatan garinmu kabari da itace madaidaici, nasa kuwa bai samu ba. Ka yalwata masa inda yake kwance, ka yafe masa, ka sanyaya wa Inna zuciya. Ni kuma ka yaye mini wannan fushi in lokacinsa ya yi, amma kada ka yaye mini a'ar da na koya.